Yerwa Na Kiran Gayya

Jama'ar Maiduguri, iyayenmu da ƙannenmu, maza da mata, waɗanda aka binne cibiyarsu a nan da waɗanda fatauci ko karatu ko gudun hijira ya kawo, ku ba ni aron hankalinku.

Tun bayan ambaliyar 2024 akwai maganar da ke yawo a bakin kowa, a majalisa, a rediyo, a Facebook: Maiduguri ta miƙe, Borno ba ta durƙusa ba. Gaskiya ne. Ni ma ina cikin masu faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa da babbar murya. Sai dai a al'adarmu wanda aka yi wa kirari ba ya wucewa haka nan, sai ya sa hannu a aljihu. Mun yi wa garinmu kirari, mun yi wa kanmu. Lokacin biya ya yi. Abin da za mu biya da shi kuwa shebur ne da baro, da sa ido a kan madatsar ruwan Alau, da miƙa hannu ga maƙwabcin da har yau bai tashi ba.

Mu tuna yadda abin ya zo. A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, a ƙaramar hukumar Konduga, kimanin kilomita 20 daga gari, ta kasa riƙe ruwan da ya taru a bayanta. Mutane na barci ruwa ya shigo. Fori, Gwange, Gamboru, Bulabulin, Kwastan, unguwannin da ke kewaye da fadar Shehu, duk suka zama tafki. Ruwa ya shiga fadar Mai Martaba Shehun Borno. Ya shiga Kasuwar Monday. Ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsadar gaske, a daidai ranar da aka fi bukatar asibiti. Ya karya katangar gidan gyaran hali, fursunoni 281 suka fice. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi mafi yawan dabbobi suka mutu, kadoji da macizai kuma suka bi ruwa zuwa cikin unguwanni. Ko maƙabarta bai bari ba. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya, kuma waɗanda suka rasa matsuguni sun kai wajen 400,000. Alƙaluman farko na hukuma sun ce mutum sama da 30 ne suka rasu, amma duk wanda ya halarci jana'iza a unguwarsu cikin makonnin nan ya san lissafin bai tsaya a nan ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ruwa bai gama janyewa ba kuma, a watan Oktoba, aka sanar da ɓarkewar kwalara.

Wannan shi ne abin da ruwa ya yi. Abin da mutane suka yi fa?

Kafin agajin hukuma ya kai kowane lungu, samarin unguwa sun riga sun shiga ruwa. Wasu da igiya, suna ɗaure ta daga wannan turken lantarki zuwa wancan don mata su dafa su tsallaka. Wasu da tayoyin mota, wasu da jarkoki da aka ɗaure baki, wasu da ƙofar gida da aka ciro aka mayar da ita abin ɗaukar tsoho. Masunta suka fito da kwale-kwalensu suna bin titunan da jiya motoci ke bi. An ga saurayi da jaririn da bai san na wane ne ba, ya ɗaga shi sama da kansa, ruwa ya kai masa ƙirji, yana tafiya a hankali yana laluben ƙasa da ƙafa don kada ya faɗa kwata. Sojoji da 'yan ƙato da gora da ma'aikatan agaji sun kwana suna kwashe mutane daga kan rufin gidaje da manyan motoci. Babu wanda ya tsaya tambayar wanda zai ceto ko Kanuri ne, ko Shuwa, ko Bahaushe, ko Babur, ko Marghi, ko Ibo. Babu wanda ya tambayi addini. Hannu aka miƙa, hannu aka kama.

A unguwannin tudu da ruwa bai kai ba, ƙofofi suka buɗe. Gidan da ke da ɗaki uku ya kwana da mutum talatin. Matan aure suka haɗa tukwane a ƙofar gida, wannan ta kawo shinkafa, waccan ta kawo manja, a dafa a ƙulla a leda a ba samari su kai makarantun da aka mayar sansani. Masu gidan burodi sun ba da kyauta. Masu keke Napep sun ɗauki mutane ba su karɓi ko sisi ba. Ɗalibai sun yi ta yaɗa sunayen yaran da suka ɓace a waya har aka haɗa da yawa da iyayensu. Daga nesa ma an zo. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, yana da shekara sama da 90, ya taso da kansa daga Kano ya zo jaje, ya ba da naira biliyan 1.5. Alhaji Abdul Samad Rabiu ya ba da biliyan 2. Alhaji Aliko Ɗangote ya zo, gwamnoni sun zo, an yi karo-karo a masallatai da coci-coci da kasuwanni daga Sakkwato har Legas. Yabon gwani ya zama dole, kuma ba za mu manta ba.

Na daɗe a kan wannan ne da gangan, domin shi ne jarinmu. A waɗannan kwanaki mun ga da idonmu abin da garin nan zai iya idan kowa ya ɗauki matsalar maƙwabcinsa tasa. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko wannan hali zai tsaya ne kawai ga ranar tashin hankali, ko za mu riƙe shi a ranakun da babu kyamara, babu ruwa a ƙirji, sai kwata da ta cushe da talaka da ke bin bashin kuɗin haya.

Tarihi na tare da mu. Borno ƙasa ce da ta saba sake gina babban birninta. Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15 bayan an baro Kanem, birnin ya yi sama da shekara 300 kafin ya faɗi a 1808. Shehu Muhammadu al-Amin el-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814. Mayaƙan Wadai sun rushe ta a 1846, Shehu Umar ya sake gina ta. Rabe ya ƙone ta a 1893. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa, garin da muke ciki yau. Kakanninmu ba su gaji gari a shirye ba, da hannunsu suka yi shi, har da itatuwan dogon yaro da aka jera a titunanmu, waɗanda wani ne ya shuka, wani ya yi ta ban ruwa, mu muka sha inuwa.

Mu kanmu mun ga abin da ya isa. Tun daga Yulin 2009 aka jefa garin nan cikin masifar Boko Haram. Mun ga shekarun da ake shiga gida tun kafin magariba, an datse layukan waya, an rufe filin jirgin sama, baƙi sun tattara sun tafi. A 2013 samarinmu suka ce ya isa, suka fito da gora da adda suka tsaya a bakin unguwanni. Gari ya karɓi dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Bama, Gwoza, Baga, Dikwa, Marte, ya raba ɗan abin da yake da shi da su. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu, muka yi watanni a duhu, masu walda da masu ƙanƙara da teloli suka ji a jikinsu, har aka kai ga gina tashar lantarki ta iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. A ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. Aka sake gina ta, 'yan kasuwa suka ci bashi suka zuba kaya, shekara ɗaya da rabi bayan nan ruwa ya zo ya bi ta kan kayan. Wanda ya ga ɗan kasuwar da wuta ta cinye shagonsa, ruwa ya cinye na biyu, kuma ya dawo da tsintsiya yana kwashe laka don ya buɗe na uku, ba ya bukatar a ba shi labarin juriya.

Saboda haka idan na ce a yabi garin nan, ina da hujja. Kuma yabon yana da amfanin da ya wuce daɗin baki. Suna shi ke jawo ciniki. Shekara da shekaru, duk wanda ya ji an ambaci Maiduguri a Abuja ko Fatakwal, bam ne ke zuwa ransa, yanzu kuma an ƙara da ambaliya. Wannan suna yana da tsada. Shi ya sa likita ke neman a canja masa wurin aiki, ɗan bautar ƙasa ke neman sauyin jiha tun kafin ya ga garin, mai kamfani ke kai jarinsa wani wuri, uba ke hana 'yarsa cike gurbin Jami'ar Maiduguri. Ba wanda zai gyara mana wannan suna in ba mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda ɗakin ke da kyau.

Ku faɗa wa duniya abin da muke da shi. Mu ne ƙofar Najeriya zuwa Chadi da arewacin Kamaru da gabashin Nijar, hanyar Gamboru Ngala da ta Banki da ta Damasak daga nan suke tashi. Kasuwar kifi ta hanyar Baga ta ciyar da Najeriya da bandar Tafkin Chadi shekaru aru-aru. Shanunmu na cika kasuwannin kudu. Shinkafar fadamar Jere, wake, riɗi, ƙaro, duk daga ƙasar nan. Hular da manyan ƙasa ke sawa a taro, 'yan Bama da 'yan Yerwa ne ke zama da allura su ɗinka ta, wata sai ta ci makonni. Amarya a Kano ko Kaduna ko Zinder ba ta jin kayanta sun cika sai da turaren wuta da humrar Maiduguri. Tun kafin a san boko, Bahaushe idan ya ce ɗansa ya tafi gabas, nan yake nufi, wurin alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka. Jami'armu da aka kafa a 1975 tana yaye likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, kuma ba ta rufe ƙofa ba ko a shekarun da bam ke tashi a bakin katangarta. A watan Yunin 2024, ƙasa da wata uku kafin ruwa, ƙungiyar ƙwallonmu ta El-Kanemi Warriors ta ɗauko Kofin Tarayya ta kawo gida, kamar yadda ta yi a 1991 da 1992. Matasa masu waya a hannu, ku ɗauki hoton waɗannan. Ku nuna kasuwa ta cika, ku nuna ɗalibai a aji, ku nuna masu ɗinkin hula a gindin bishiya. Wanda ya yaɗa hoton gidanmu a cikin ruwa, ya kamata ya yaɗa hotonsa bayan an gyara.

To amma a nan ne nake so mu yi hattara, domin akwai irin yabon da ke cutar da gari. Shi ne yabon da ke rufe bakin mai kuka. Idan muka cika cewa komai ya koma daidai, mai ba da taimako zai naɗe tabarmarsa, jami'i zai rufe fayil, mu kanmu za mu daina leƙa bayan layi. Alhali ku shiga cikin Gwange ko Fori ku duba bango. Za ku ga zanen da ruwa ya bari, layi mai launin ƙasa, wani a ƙugu, wani ya wuce tagar ɗaki. A ƙasan layin nan duk abin da gida ya mallaka ya tafi: katifa, buhun gero, keken ɗinki, takardun makaranta, kayan ɗakin da uwa ta yi shekara goma tana tarawa don auren 'yarta. Gidan siminti ya bushe an yi masa fenti. Gidan ƙasa kuwa ya narke, mai shi yana raɓe a wurin dangi ko ya kafa buhu da langa-langa a kan kufai.

Akwai waɗanda rabon tallafi ba ya cika ganinsu. Ɗan haya, wanda ba shi da gidan da za a rubuta amma duk abin da ya mallaka na cikin ɗakin. Matar da mijinta ya rasu a rikici, tana sayar da ƙosai, ruwa ya tafi da kaskon da jarin. Wanda ya gudo daga ƙauye shekara goma da suka wuce, ya fara ganin haske, sai ga shi ya sake komawa sansanin Bakassi da aka rufe tun 2021, gudun hijira karo na biyu. Almajirin da allonsa da bargonsa suka bi ruwa. Manomin da gonarsa ke ƙasan madatsa, da mai lambun rani da ya dogara da ruwan Alau. Waɗannan ma Maiduguri ne. Gari bai gama tashi ba sai sun tashi. Duk wanda ya tashi a taro ya ce har yanzu unguwarsu na cikin wahala, kada a ce masa yana ɓata sunan jiha ko yana yi wa wani siyasa. A saurare shi, a bi shi a gani. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Haka nan maganar kuɗin tallafi. Biliyoyin nairori sun shigo da sunan waɗanda ruwa ya shafa. Tambayar nawa aka samu, nawa aka raba, wa ya samu, me ya rage, haƙƙin kowane ɗan gari ne, kuma amsa ta a fili ita ce za ta sa gobe idan wata masifa ta zo, Allah ya kiyaye, mutane su sake buɗe aljihu ba tare da shakka ba. Jami'in da ya riƙe amana ba ya jin tsoron lissafi. Mu tambaya da ladabi, amma mu tambaya.

Sai babbar magana, wato madatsar kanta. An gina Alau ne a tsakiyar shekarun 1980, aka kammala a 1986, don ta ba Maiduguri ruwan sha ta kuma shayar da gonaki, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ta Gwamnatin Tarayya. A Satumban 1994 ta taɓa cin garin nan. Dattawanmu sun ba mu labarin wancan ruwa, wasunmu sun gani da idonsu. Shekara 30 cif bayan nan, a watan nan dai na Satumba, abin ya maimaita kansa, ya kuma fi na farko muni domin gari ya ninka girma, gidaje sun cika wuraren da a da fadama ce. Damina mai ƙarfi daga Allah take, ba mai hana ta. Amma yashi da laka da ke taruwa a cikin madatsa shekara bayan shekara har ta rage ɗaukar ruwa, da bangon da ke zaizayewa ba a gyara ba, da ƙofofin sakin ruwa da ba a kula da su yadda ya kamata ba, da rashin ƙararrawar da za ta tashi mutane tun da sauran lokaci, waɗannan aikin ɗan Adam ne. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar da inganta ta, aka kuma ƙaddamar da aikin. Madalla. Amma mun san yadda ayyuka ke tafiya a ƙasar nan idan masu abin suka juya baya. Ina kira ga 'yan jaridarmu su mayar da hanyar Alau hanyarsu, su riƙa zuwa suna dawo mana da abin da suka gani, damina da rani. Ina kira ga injiniyoyinmu na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat su riƙa yi mana bayani da Hausa da Kanuri a rediyo: ina ruwa ya kai, me aka gyara, me ya rage. 'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha, ranku ya daɗe, wannan shi ne aikin mazaɓa na farko, ya fi rabon babura. Kowane ɗan takara da zai zo neman ƙuri'a a Maiduguri ko Jere ko Konduga, a fara tambayarsa labarin Alau kafin a ba shi wurin zama. Kada jikokinmu su zo su ƙirga wata shekara 30.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba daidai ba ne mu nuna gwamnati da yatsa mu manta da ƙofar gidanmu. Ka fita yau ka leƙa kwatar da ke gaban gidanka. Me ke ciki? Ledar ruwa, robar lemo, tsumma, yashin da mai gini ya bari, tokar da aka zubar da dare. A wasu layukan ciyawa ta tsiro a ciki har akuya na kiwo. Mai shago ya rufe ta da siminti don ya faɗaɗa rumfa. Wannan kwata ba gwamna ne ya cika ta ba, mu ne. Ruwan sa'a biyu ya isa ya mayar da layin tafki ko da madatsa na nan lafiya lau. Ku je bakin Ngadda ku ga yadda muka mayar da kogin juji, ku ga gidajen da aka dasa a cikin hanyarsa. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko an yi shekara 20 bai bi ba.

Na san maganar ba ta da daɗi ga wanda ya gina a bakin kogi. Akasarinsu talauci ne ya kai su, filin can ne kuɗinsu ya iya saye. Saboda haka hukuma idan za ta tashe su, ta ba su wani wuri da abin da za su fara gini, cikin mutunci. Amma mai sayar da filin da ya san hanyar ruwa ce, da wanda ya sa hannu a takarda, da wanda ya ga ana gini ya kau da kai, su ji tsoron Allah. Iyayenmu bulamomi da lawanai da hakimai, ku ne kuka san kowane taku na ƙasar unguwanninku. Kun san inda ruwa ya kwanta a 1994, kun san inda ya kwanta a 2024. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi allon gargaɗi goma. Ku hana, za a ji.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba sabon abu ba ne, gayya ce irin ta iyayenmu. Kowace unguwa ta sa rana a wata, kafin damina kuma a kowane mako. Bulama ya sa a yi shela. Samarin da suka shiga ruwa har ƙirji don ceton rai, kwashe kwata ba zai gagare su ba. Mai hali ya sayi shebur da baro da safar hannu, mai tifa ya ba da ita yini ɗaya, hukumar tsabtace muhalli ta zo ta kwashe abin da aka tara a ranar, don sharar da aka bari a bakin kwata cikin kwata take komawa. Mata, ku ne kuka ciyar da gari a ranar wuya, kuma ku ne kuka fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ku riƙe ƙungiyoyin nan da kuka kafa a lokacin ruwa, ku mayar da su adashi da asusun jari, a fara da wadda ta rasa kaskonta. A kowace unguwa a san tudun da za a nufa idan ruwa ya taso, a san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da masu lalura ta musamman, a san wanda zai buga waya da wanda zai ɗauke su. A ranar 10 ga Satumba da yawa sun rasa hanya ne kawai saboda ba wanda ya taɓa gaya musu ina za su bi.

Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, mumbari na hannunku. Mutane na jin maganarku fiye da ta kowa. Ku sa maganar tsabta da haƙƙin maƙwabci da amanar dukiyar jama'a a cikin huɗuba, ku kira toshe hanyar ruwa da sunansa, cutar da al'umma. Shugabannin coci, haka nan a ranar Lahadi. Malaman makaranta, ku kai yara bakin bangon da ke da zanen ruwa ku nuna musu, ku bayyana musu daga ina Ngadda ta taso da inda take zuwa. Kuma ina ba da shawara kada a shafe wannan zane a ko'ina. A bar shi a bangon wasu makarantu da kasuwanni, a rubuta kwanan wata a kai, don mai sayen fili na gobe ya gani.

Attajiranmu, sadaka kun yi, Allah ya saka. Abin da gari ke nema yanzu jari ne. Kuɗin da aka samu a Maiduguri, a bar wani kaso ya yi aiki a Maiduguri. Injin casar shinkafa ɗaya, masana'antar sarrafa fata ɗaya, wurin adana kifi da tumatir ɗaya, kowanne zai ɗauke samari ɗari daga bakin titi. Babban dila ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa sassauci, ya ba shi kaya bashi kamar yadda aka saba, domin wanda ruwa ya karya ba ha'inci ya yi ba. 'Yan Borno da ke Abuja da Legas da Jidda da Landan, gidan nan naku ne. Ku zo hutu da 'ya'yanku, ku ɗauki nauyin aji ɗaya a makarantar da kuka yi, likitocinku su ba asibitinmu mako guda a shekara.

'Yan'uwanmu na Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Bauchi, Diffa da Maraɗi, kun yi mana jaje, mun gode. Yanzu ku zo mu yi ciniki. Ku turo 'ya'yanku karatu kamar yadda kakanninku suka turo. Ku kawo tarukanku nan. Ku kuma duba naku madatsun da naku kwatocin, domin abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayun 2025, inda ruwa ya hallaka mutane sama da 150 cikin safiya ɗaya, ya nuna cewa wannan jarrabawa ba ta Borno kaɗai ba ce.

Jama'ar Yerwa, kada mu jira hadari ya haɗu. Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, kowa ya fito ƙofar gidansa da abin da yake da shi, shebur ko tsintsiya ko kwando. Wanda ba shi da ƙarfin aiki ya kawo ruwan sha. Idan an gama kwata, a taka zuwa gidan da har yanzu ba shi da rufi a layin, a tambayi mai gidan kwano nawa yake bukata, a raba kuɗin a tsakani. Ku je wurin bulama yau ku sa ranar.